Lambun bazara a Zariya: ƙasa ma amana ce

Wata uwa daga zumuntar mata a Wusasa ta rubuto cewa suna da ɗan lambu a bayan coci, shekara da shekaru suna shuka alayyahu da latas a wuri ɗaya. Bana ganye ya yi rawaya, ƙasa ta yi tauri, ruwa ya daina shiga. Sun ƙara yuriya, sun yi addu'a, shiru. Tana tambaya ko hannun maƙiyi ne.

Mama, ba hannun kowa ba ne, yunwa ce ke damun ƙasarku. Ku ɗebo ta da hannu ku murza. In kun ga ta yi fari tana zubewa, babu danshi, babu tana ko ɗaya, to ta gaji. Yuriya kashi 46 cikin 100 sinadarin naitirojin ce. Tana sa ganye ya yi kore na ɗan lokaci, amma ba ta gyara jikin ƙasa, kuma in aka watsa ta a sarari cikin zafin Afrilu, da yawanta iska ke kwashewa. Kuɗin zumunta ne kuke zubarwa.

Wannan magana na gaji da maimaita ta: ku daina ƙona shara! Duk bazara sai an tara kara da ganye an cinna wuta wai ana sharar gona, alhali abincin ƙasar ne ake mayarwa hayaƙi. Ku haƙa rami a inuwa, ku jera busasshiyar ciyawa, kashin shanu ko na awaki, ɗanyen ganye da ɗan toka, ku yayyafa ruwa, ku riƙa juyawa duk mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji kuwa kada ya taɓa fangali, yana ƙona saiwa. Kafin takin ya nuna, ku rufe fangalin da busasshiyar ciyawa don rana ta daina gasa shi.

Addu'arku ba ta faɗi ƙasa ba, amma ku duba Luka sura 13. Mai gona ya ce a sare ɓauren da ya shekara uku bai yi 'ya'ya ba, mai kula da gonar ya roƙi a ƙara masa shekara guda, ya yi masa kaftu ya zuba taki. Roƙo ya yi, kuma ya ɗauki fartanya. A Farawa 2:15 aikin da Allah ya ba Adamu shi ne ya nome gonar ya kuma kiyaye ta, mu kuwa mun riƙe noman mun saki kiyayewar. Ni a wurina, matar da ta durƙusa tana juya ramin taki da asuba ibada take yi, domin amanar Ubangiji take gyarawa. Fitowa 23 ma ta ce a bar ƙasa ta huta a shekara ta bakwai. Na san filinku bai kai ku bar shi haka ba, to ku raba shi, ku sa wake ko gyaɗa a ɓangare ɗaya da damina, baɗi ku juya.

Wani ɗan'uwa daga bakin kogin Galma ya ce furen tumaturinsa na zubewa tun bayan Ista. Zafi ne, ɗan'uwa, ba cuta ba, kada ka sayi magani. Yanzu lokacin kuɓewa da yakuwa ne.

Wani matashi daga Samaru ya ce ya fesa magani kala uku, amma sharon, wato tsutsar nan mai cin tumatur, bai bar masa tumatur ba. Ɗana, tsutsar nan cikin ganye take shiga ta yi rami, feshi bai cika kai mata ba, kuma tana saurin sabawa da magani. Ita ce ta cinye tumaturin jihar Kaduna a 2016. Ka tsinke ganyen da ta huda, ka daka 'ya'yan dogon yaro ka jiƙa su kwana, ka tace ka fesa da yamma tun shuka na ƙarama. Bayan girbi ka tuge duk karan tumaturin, wannan kam a ƙona shi. Cibiyar binciken aikin gona tana nan kusa da kai, ka kai musu ganyen su duba.

Mai tambaya ko ya halatta a ba lambu ruwa ran Lahadi: ka ba shi da sassafe kafin sujada, sauran aiki ya jira Litinin.