Yarona ya shekara ɗaya bai iya zama ba, in ci gaba da jira?

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Kin ce wuyansa ma bai tsaya ba, kuma tsofaffin gida na cewa nauyin jiki ne, zai tashi da kansa. A nawa ganin, jiran ya isa haka.

Galibin yara wuyansu kan tsaya a wata 4, su zauna da kansu kafin wata 9, su taka kafin wata 18. Wanda ya shekara bai riƙe kai ba, likitan yara ya kamata ya gan shi. Ki tuna masa komai: ko an yi doguwar naƙuda, ko bai yi kuka da wuri ba, ko ya yi shawara mai tsanani, sanƙarau ko jijjiga. Waɗannan kan taɓa ƙwaƙwalwa.

Nan Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usman Ɗanfodiyo na da sashen gashin ƙashi, can za a tura ku. Kada sunan ya tsorata ki, aikin yara kusan duk wasa ne. Za su kwantar da shi rub-da-ciki, a riƙe abin wasa a gabansa don ya ɗaga kai, a miƙe gaɓoɓin da suka sandare a hankali, sannan a koya miki. Rabin aikin a kan tabarmarki za a yi shi, kullum, har watanni.

Don Allah kada a kai shi wurin mai ɗori a ja masa ƙafa da ƙarfi, ba karaya ba ce. Allah Ya ba shi lafiya.