Kankare mai ƙarancin hayaƙi zai iya ɗaukar tirela?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan zuba kankare a harabar kamfaninmu, inda tireloli ke juyawa da lodi, motocin ɗaga kaya kuma ba sa hutawa. Ɗan kwangila ya ce mu yi da siminti mai ƙarancin hayaƙin kabon. Tsorona kada in kashe kuɗi, bayan shekara biyu daɓen ya farfashe. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, zai ɗauka, kuma ni ina goyon bayan shawarar, muddin ba za ka yi masa gaggawa ba.

Yawancin hayaƙin siminti daga kilinka yake fitowa, wato dutsen farar ƙasa da ake gasawa a zafin digiri 1,450 na ma'aunin Celsius. Masana'antar siminti kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya, abin da ya isa ya dami kowa. Shi ya sa ake rage kilinkar a cike da wani abu: garin kashin maƙera daga masana'antar ƙarfe, wanda kan kai rabin haɗin, ko tokar kwal, ko gasasshen yumɓu da farar ƙasa irin na simintin LC3, mai rage hayaƙin har zuwa kashi 40.

Inda gizo ke saƙar shi ne makon farko. Kankaren da aka haɗa da kashin maƙera ko toka yana jinkirin yin ƙarfi, daga baya ne yake kamo na gargajiya, sau da yawa ma ya wuce shi, ya kuma fi jure gishiri. To amma idan rana ta busar da fuskarsa tun yana ɗanye, an gama da shi. Bayan 'yan watanni za ka shafa hannu ka ɗebo gari fari fat, ka ga tayar motar ɗaga kaya ta ɓantare bakin tsagar da ke tsakanin falle da falle, tsakuwa ta yi waje. Sai a ɗora wa siminti laifi, alhali ƙishirwa ce ta kashe shi. A rufe shi da leda ko jiƙaƙƙen buhu, a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kar direba ya hau sai sakamakon gwaji ya fito.

Kafin ka sa hannu, nemi takardar haɗin da ke nuna kason kilinka. A zuba ɗan falle na gwaji, a auna ƙarfinsa a kwana 7 da 28, har 56 in da hali. A gwada juriyar lanƙwasa ma, domin nauyin taya lanƙwasa daɓe yake yi. Kauri kuwa injiniya ne zai fitar bisa nauyin lodinka.

Sai cikon ƙasa. Ka tsaya da kanka ka ga rola ta danne shi sosai kafin motar kankare ta farko ta shigo.