Amsa kan jakar goyon da aka ce an janye daga kasuwa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kin sayi jakar goyo a gwanjon kasuwar Katako, sai aka turo miki a WhatsApp cewa an janye irinta saboda yaro na iya faɗowa, kina tambaya ko ki ci gaba da sa ta tunda lafiyarta ƙalau a ido. Don Allah ki ajiye ta tukuna. Abin ya taɓa faruwa da ni.

Yarona na biyu yana wata biyar, na sauko daga keke a Taminus, na sunkuya zan ɗauki ledar cefane, sai na ji ƙas! Maɓallin robar da ke riƙe kafaɗar dama ya ɓalle. Allah Ya taimake ni hannuna na hagu yana ƙarƙashinsa, amma sai da kansa ya yi baya, hularsa ta faɗi cikin kwata. Wata mai tumatir ce ta karɓe shi, don jikina rawa yake yi, na kasa ko salati. Da na koma gida na duba, haƙorin maɓallin ne ya karye, robar wurin ta yi fari fat, alamar ta daɗe tana tsagewa ta ciki. Kuma da safen ranar lafiya lau maɓallin ya shiga har da ƙararsa. Shi ya sa ba na yarda da "a ido lafiyarta ƙalau".

Maganar janyewa gaskiya ce, ana yi. A Amurka hukumar CPSC, mai sa ido kan kayan da ka iya cutar da masu saye, ita ce ke sanarwa. A Fabrairun 2020 kamfanin Infantino ya janye jakunkunan goyo kusan 14,000 saboda maɓallinsu na iya karyewa yaro ya faɗo. Can mai saye yakan samu canji ko a mayar masa da kuɗinsa. Mu nan kayan cikin dila suke zuwa, mai gwanjon ma bai san tarihinsu ba.

Sai dai ba duk kayan kamfani ake janyewa ba, samfuri ne takamaimai da lambar rukuninsa. Ki juya jakar, akwai farin ƙyalle da aka ɗinke a ciki mai sunan samfuri da lambobi. Ki rubuta sunan a Google ki haɗa da kalmar recall, wato janyewa, ki gwada lambar da ta sanarwar. In sun yi daidai, ko kuma an yanke ƙyallen gaba ɗaya, ki haƙura da kuɗin. Kar ki kai wa tela ko shumeka ya yi mata dabara, kar kuma ki ba wata kyauta. Ki sa almakashi ki datse igiyoyin kafin ki yar, don kar wani ya tsinta ya sayar.

In ba ta cikin waɗanda aka janye, ki zuba mata shinkafa mudu huɗu a ƙulle, ki goya, ki jijjiga da ƙarfi, ki bi ɗinki ɗaya bayan ɗaya, ki duba ramin ƙafa kar ya yi wa jariri faɗi. Ga kuma sanyinmu na Jos: in kin ɗaure shi da rigar sanyi mai kauri, rana ta fito kika cire, sai kin sake ƙara tamke igiya. In za ki ɗauki abu ki durƙusa da gwiwa, hannu ɗaya a bayansa. Fuskarsa a buɗe, haɓarsa kar ta manne da ƙirji.

In Allah Ya kiyaye yaro ya faɗo da ka, a tafi asibiti nan take, balle in yana amai, ko barci ya yi masa nauyi, ko maɗigarsa ta kumbura, ko ya ƙi nono.

Ni tun ranar zani da majanyi na koma, goyon jaka sai in babansa zai ɗauke shi. Ki ɗauki hoton ƙyallen ki turo nan, in sha Allahu zan taya ki dubawa da daddare.