Tambayi Dukawa: Man da Fata Ke Sha, da Wanda Ke Lalata Ta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da jakar fata ɗinkin hannu da na saya a Naraguta. Tun shigowar hunturu ta bushe ƙamas, wurin da murfin yake lanƙwashewa har ya fara tsattsagewa. Wani ya ce in shafa mata man gyaɗa, wani ya ce man shanu. Wanne zan bi? Daga wata mai karatu a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin a yi maganar mai, sai an san irin jimar da aka yi wa fatar. Akwai jimar gargajiya ta bagaruwa, akwai ta kamfani da ake yi da sinadarin kurom. Duba bakin fatar inda wuƙa ta yanka. Idan cikinta ruwan ƙasa ne ko ja-ja, ta bagaruwa ce. Idan ya yi shuɗi-shuɗi kamar toka, ta kurom ce. Ki kuma ɗiga ruwa a wani lungu: fatar bagaruwa takan shanye shi nan da nan, wurin ya yi duhu, ta kamfani kuwa sau da yawa an rufe fuskarta da fenti, sai ɗigon ya tsaya a sama. Irin wannan ta biyun ba ta shan mai sosai, ɗan kirim ɗin takalmi ya ishe ta.

Idan ta bagaruwa ce, ki manta da man shanu. Yana da ruwa da ragowar nono a cikinsa, cikin 'yan makonni zai yi ɗoyi, ya jawo fumfuna da kyankyaso. Man gyaɗa kuwa majema sun daɗe suna sa shi, amma a lokacin jima, fata tana da danshi, suna murzawa suna ja har ya ratsa ta. A kan jakar da aka gama ɗinkawa akwai haɗarin ya tsufa ya yi wari, don haka idan shi ne a hannu, ki sa ɗan ƙanƙani. Wanda muka fi yarda da shi shi ne man ƙafar saniya, wanda ake samu ta hanyar dafa ƙasusuwan ƙwauri da ƙafafun shanu a yaɗe man da ya taso. Amfaninsa a gari irin Jos shi ne ba ya saurin daskarewa da sanyi. Bayansa sai man kaɗe mai tsabta, wanda aka tace.

Ga yadda za ki yi. Ki kakkaɓe ƙura da busasshen burushi mai laushi, musamman cikin layin ɗinki, domin ƙurar hunturu idan ta haɗu da mai takan zama dauɗar da ba ta fita. Ki goge jakar da tsumma mai ɗan danshi, ki bar ta ta sha iska kamar rabin awa a inuwa. Sai ki zuba mai a kan tsumman auduga, ba a kan fatar ba. Jakar hannu madaidaiciya, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ya wadatar. Ki fara gwadawa a ƙasan jakar, don duk wani mai yana ƙara wa fata duhu. Ki shafa a zagaye, da sauri, kada hannu ya tsaya wuri guda. Daga nan ki rataye ta awa 24. Da farko za ki ga dabbare-dabbare, kada ki tsorata, mai yana tafiya cikin fata a hankali kuma zai daidaita da kansa. Idan washegari wurin lanƙwasar bai yi laushi ba, ki ƙara shafa ɗaya a nan kaɗai.

Gaskiya ɗaya dai: tsagar da ta riga ta buɗe ba ta haɗewa. Mai zai hana ta ƙaruwa ne kawai. Shi ya sa ya fi kyau a shafa a watan Nuwamba, kafin iska ta kankama, sannan a sake wajen Maris. Sau biyu a shekara ya isa.

Tambaya: Ni ɗan koyon dukanci ne. Na shafa man kaɗe a wasu takalma da dare, da safe na tarar da fari-fari a kansu kamar gari. Fumfuna ce? Daga wani matashi a Gangare.

Amsa: Samari, da wuya ta zama fumfuna, tunda ba ta tsirowa cikin dare ɗaya, balle da rani. Kitse ne ya daskare. Jos tana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, kuma sanyin asubar Disamba da Janairu ya isa ya sa man kaɗe da kitsen dabba su taso saman fata su yi fari. Gwajin mai sauƙi ne: murza wurin da ɗan yatsa na ɗan lokaci. Idan farin ya narke ya ɓace, kitse ne. Ka sa takalmin a hantsi minti goma, ka goge da busasshen tsumma, kuma ka sani ka cika hannu. Kada ka kanga shi a kurfoti ko murhu, zafin wuta yana ƙanƙance fatar bagaruwa ta yi tauri har abada.

Fumfuna ta gaskiya da damina take zuwa, a Yuli da Agusta, tana da warin gumi-gumi, launinta yakan kai kore, kuma zafin hannu ba ya narkar da ita. Maganinta sifirit na kemis da ruwa, rabi da rabi, a goge a waje, a shanya a inuwa mai iska. Kuma a daina ƙulle kayan fata cikin leda. Jakar yadi ko tsohuwar rigar matashin kai ta fi.

Tambaya: Ina ɗinka walat da ɗamara da jar fatar akuya, amma masu saye suna ƙorafin jan yana zuba a fararen kaya, kuma bakin ɗamarar yana yin gashi-gashi. Daga wani baduku a Titin Bauchi.

Amsa: Malam, yawanci matsalar daga jerin aikin take. Rini ne farko, ko na karan dafi ko na kanti, sai a bari ya bushe sarai, kwana guda. Sai a dirje da farin tsumma har tsumman ya daina ɗaukar launi. Wannan dirzar ita ce mutane ke tsallakewa, alhali garin rinin da ya zauna a sama shi ke bin shadda. Bayan nan mai, siriri, a jira wani kwanan. Kakin zuma ne ƙarshe. Wanda ya sa mai kafin ya dirje ya jiƙa garin rinin ke nan, ba zai daina zuba ba.

Haɗin da za ka rufe fuskar da shi: kakin zuma kashi 1, man kaɗe kashi 1, man ƙafar saniya kashi 2, a auna da nauyi. Ka sa su a gwangwani, ka dasa gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi, kada ya taɓa wuta kai tsaye. Kaki yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64, ba ya bukatar tafasa. Ka juya, ka sauke, ka bari ya kama jikinsa. Idan ya yi tauri da yawa da sanyi, ƙara man ƙafar saniya rabin kashi. Ka lakata kaɗan, ka shafa, bayan minti 20 ka goge da ƙarfi har ya yi sheƙi.

Baki kuwa, ka fere kusurwarsa da wuƙa mai kaifi, ka bi shi da samfefa mai laushi ta fuska ɗaya, ka jiƙa da ruwan ƙaro mai ɗan kauri, sannan ka goga da ƙashi ko ƙaho ko icen da aka yi wa kwari. Zafin gugar ne ke kwantar da zaren fatar. Idan ka ji ya fara ƙara ƙyas-ƙyas, ya kama. Ka bi da kaki tsantsa ka sake gogawa. Wannan a fatar bagaruwa yake ci. Ta kurom ba ta goguwa, sai dai a naɗe bakin a ɗinke ko a sa fentin baki.

Ka kuma kiyayi ƙarfe a kan jiƙaƙƙiyar fata. Ƙarfe da ruwan bagaruwa su ne ke haɗuwa su ba da baƙi, kamar yadda kuloko, baƙin rinin dukawa, ke yi, don haka ƙusa ko almakashin da aka ajiye a kai zai bar tabo.

Tambaya: Wani ya shafa wa takalmina baƙin mai na mota, wai don ruwa. Yanzu sun yi laɓo-laɓo suna maiƙo. Akwai gyara? Daga wani mai karatu a Bukuru.

Amsa: Baƙin mai da basilin ba na fata ba ne. Suna sassauta zarenta, su saki gam ɗin tafin takalmi, baƙin man kuma yana ɗauke da dattin inji da bai kamata ya taɓa ƙafa ba. Ka barbaɗa garin sitaci ko na alli da yawa, ka nannaɗe da takarda, ka bari ya kwana, ka kakkaɓe. Ka maimaita sau uku ko huɗu. Zai rage maiƙon, amma launin da ƙarfin fatar ba za su dawo yadda suke ba, kuma mai yiwuwa sai mai gyaran takalmi ya ɗinke tafin da zare tunda gam ba zai sake kamawa a kan mai ba.