Gem a aji: karatu ne ko ɓata lokaci?

Hajiya, kin ce makarantar ɗanki ta fara sa yara buga gem a kwamfuta, kina tsoron kar kuɗin makaranta ya tafi a wasa. Ni dai a ganina ya danganta da wane gem ne, kuma wane malami ne ke tsaye a kansu.

Abin ba sabo ba ne fa, tun 1971 aka ƙirƙiro wani gem mai suna Oregon Trail a Minnesota ta Amurka don koya wa ɗalibai tarihi. A 2013 ma wata makaranta a Stockholm ta wajabta wa 'yan shekara 13 wani gem mai suna Minecraft, daga baya Microsoft ta sayi kamfanin da ya yi shi a 2014, ta fitar da na makarantu a 2016. A cikin Minecraft ɗin, yaro gini yake yi da bulo, to kafin ya tada ɗaki ɗaya dole ya ƙirga tsawo da faɗi, bulo nawa katanga za ta ci, kin ga lissafin da yake gudu a allo ya yi shi bai ma sani ba. Ɗan yayata da ko jadawalin sau bai iya ba, a nan ya kama.

Amma in malam ya kunna musu ya koma gefe yana latsa waya, wallahi wasa kawai za su sha, balle ga matsalar wuta, yara goma kan kwamfuta ɗaya, mai ƙarfi a cikinsu ya ƙwace.

Ki je da kanki ki tambaye su wane darasi gem ɗin ke koyarwa, minti nawa a sati, kuma me yaro zai rubuta a littafinsa in an tashi. In suka fara kame-kame ki nemi ganin hedimasta.