Amsa ga ɗan'uwan da ruwa ya cinye wa shinkafa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne narkewar ƙanƙara a ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya ce ta jawo ambaliyar da ta cinye maka shinkafa, kuma ko ya kamata ka haƙura da fadama gaba ɗaya. Da na karanta sai da jikina ya yi sanyi, domin abin da ya ci ka shi ya taɓa cina. Allah Ya mayar maka da mafi alheri.

Ruwan waccan ƙanƙara ba ya gangarowa gulbin Rima, teku yake shiga, kuma mutanen Legas da sauran garuruwan gaɓa ne barazanarsa ke kansu kai tsaye, tunda tsayin teku ya ƙaru da kimanin santimita 20 daga 1900 zuwa yau. Sai dai tushen masifarmu da tasu ɗaya ne. Hayaƙin fetur da gas da kwal yana riƙe zafi a sararin samaniya, har ta kai yankin Aktik, wato ƙuryar arewa ta duniya, yana ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya tun daga 1979, saboda farar ƙanƙara tana mayar da hasken rana, idan ta narke kuwa sai duhun ruwan teku ya shanye shi, kamar bambancin farar riga da baƙa ga mai tafiya a ranar bazara. Tsibirin Girinlan da ke can ƙuryar arewa kaɗai yana asarar ƙanƙara kimanin tan biliyan 270 a shekara. Wannan zafin ne ke sa iska ta ƙara ɗaukar danshi da kusan kashi 7 cikin ɗari a kowane digiri guda, shi ya sa za ka ga an ɗauke ruwa tsakiyar damina, sannan ya sauko a dare ɗaya kamar da bakin ƙwarya.

Ni tawa ta same ni a Satumbar 2010, lokacin da hanyar jami'a ta nan Sakkwato ta yanke aka koma shiga kwalekwale. Shinkafata ta fitar da kai, na riga na yi magana da masu yanka, sai na wayi gari ban ga ko kunya ɗaya ba, injin ban-ruwana ma yana ƙasan ruwa. Wallahi ba wannan ya fi ƙona mini rai ba. Mutumin da ya ba ni taki bashi, wanda muke sallah sahu ɗaya da shi, bai jira ruwa ya janye ba ya zo zaurena, a gaban surukina da 'ya'yana, yana ɗaga murya sai na biya shi a ranar. Ko jaje bai yi mini ba. Ya kwance bijimin huɗata ya ja shi, ƙaramin ɗana yana biye da shi yana kuka har bakin titi, ni kuwa ina tsaye na kasa cewa uffan. Har yau idan na hango shi a kasuwa sai zuciyata ta tafasa, ina roƙon Allah Ya yaye mini.

Saboda haka kada ka karɓi bashin taki sai da shaidu da rubutu, a faɗi abin da za a yi idan ruwa ya ci gona. Fadama kuma kada ka bar ta, amma ka ƙarfafa noman rani, ka nemi iri mai saurin nuna irin FARO 44, ka riƙe gero da wake a tudu ko da kaɗan ne. Ka riƙa sauraron hasashen damina da NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, ke fitarwa farkon shekara. Ka kuma kula da tsofaffin gidanku idan bazara ta kama, domin a azumin 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, mu ma nan Sakkwato mun ga yadda dattawa suka jigata. Ka dasa dogonyaro a ƙofar gida, kada ka bari a sare wanda ke tsaye.

Idan iri ya yi maka wuya bana, ka yi mini magana, ina da ragowa a rumbu, kuma ba bashi ba ne.