Likita, in kai Umma awon jini a coci?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. A Bronx ta birnin New York nake zaune, Umma ta zo mana daga Kumasi, tana da hawan jini kuma ba ta da inshora. Maƙwabciyata baƙar Ba'amurkiya ce, ta ce cocinsu na awon jini kyauta ran Asabar, amma maigida ya hana wai ya gani a WhatsApp da irin wannan kyautar aka yi wa baƙaƙe allurar cuta a Tuskegee. Maganinta ya ƙare sati uku kenan, wallahi ko barci bana yi.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Umma lafiya. Ki kai ta. Ba mai ce mata ta canza addini, nas ce za ta ɗaura mata abin awo a dantse, galibi ma 'yar cocin ce da ke aikin asibiti. Kuma ba yau cocin baƙaƙe suka fara wannan aiki ba, tun 1793 da zazzaɓin shawara ya afka wa Filadelfiya, wasu jagororin Kiristoci baƙaƙe biyu, Richard Allen da Absalom Jones, ne suka tara mutanensu suna jinya suna binne gawa lokacin da masu hali suka gudu daga garin, shi Allen ɗin ne daga baya ya kafa cocin baƙaƙe na AME (African Methodist Episcopal).

To maganar Tuskegee ɗin nan ta ishe ni, kusan kullum sai wani ya kawo min ita a karkace. Abin ya faru, zalunci ne tsantsa, daga 1932 har 1972 a garin Tuskegee na jihar Alabama, hukumar lafiya ta gwamnati ta sa ido kan maza baƙaƙe 600, 399 cikinsu suna da tunjere tun kafin a fara. Ba allurar cuta aka yi musu ba. Magani aka HANA su. Aka ce musu wai jininsu ne ya ɓaci, fenisilin ya fito an san yana warkarwa amma aka ɓoye musu, aka zuba ido ana rubutu a takarda suna makancewa suna mutuwa, sai 1997 shugaban Amurka Clinton ya nemi gafara. Yanzu don Allah maigida ya duba da kyau, tsohuwa na zaune sati uku babu ƙwaya, ba a auna ta ba, me ya raba wannan da abin da yake tsoro? Su masu tura saƙon muryar nan a WhatsApp, ran da ɓarin jikinta ya shanye ba ko ɗaya da zai zo ya juya ta a gado. Kuma hawan jini baya sallama, kar ki jira sai ta ce kanta na ciwo.

Awon coci dai awo ne kawai, basa rubuta magani. Ki tafi da kwalin tsohon maganinta, ki ce su haɗa ki da asibitin unguwa irin wanda ke karɓar kuɗi daidai ƙarfin mutum. In awon ya kai 180 bisa 120, ko bakinta ya karkace, ko magana ta sarƙe, lambar gaggawa ta 911 za ki kira a take, kar ki tsaya neman izinin kowa.